Ranar da Na Kira Sunanta a Gummi

Tun ranar da hedimastanmu ya tara mu a gindin dogonyaron makaranta ya ce daga bana an daina maimaita aji, ban ƙara samun natsuwa ba. Ya ce umarni ne daga sama, kowane yaro zai bi sa'o'insa zuwa aji na gaba, ya iya ko bai iya ba. Malamai suka yi ta murna, don an rage musu rigima da iyaye. Ni kuwa na koma gida na ɗora miya na manta gishiri, na ɗauki tsintsiya na share tsakar gidan da na riga na share. Hankalina yana kan wata yarinya a aji uku wadda ba ta iya karatu ba tukuna, amma ta kusa. 'Yata ce, kuma ta fari.

A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta wasa da shi a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta shigar masa in an yi faɗa. Haka na taso na gani a gidanmu a Gummi, haka na tarar a gidan miji a ƙasar Anka, inda jinin Fulani ya ƙara wa abin ƙarfi. In zan yi mata magana sai in ce "ke", a bayan idonta kuma in ce 'yar Inna, domin uwar mijina, wadda kowa yake kira Inna, ita ta ɗauke ta ranar da aka yaye ta. Yarinyar ma Malama take ce mini, kamar sauran yaran unguwa. Kada wani ya ɗauka rashin so ne. Allah ya sani, in ta yi tuntuɓe a ƙofar gida ni nake fara jin zafin, sai dai in kau da kai in jira wani ya ɗaga ta.

Ina kwalejin koyon malanta lokacin da take wasan ƙasa a ƙauyen su Inna, can kusa da Duza. Shekarun nan ne aka samu zinari. Maza suna haƙo duwatsu a daji su kawo gida, ana daka su ana niƙa su a tsakar gida, inda yara suke wasa suna cusa hannu a baki. Ba wanda ya san akwai gubar dalma a cikin ƙurar sai da yara suka fara jijjiga suna sanƙarewa. 'Yar Inna tana cikin waɗanda aka kwantar a Anka. Na je, na tsaya daga bakin ƙofa ina kallon Inna tana yi mata fifita, ban iya ƙarasawa bakin gadon ba saboda dangin miji sun cika ɗakin. Da yawa daga cikin sa'o'inta ba su tashi ba. Ita ta tashi, da hannuwanta da ƙafafunta lafiya, da dariyarta, sai dai komai na kanta ya koma a hankali. Likita ya gaya wa babanta cewa za ta koyi abu, amma sai an yi haƙuri da ita.

Da zaman ƙauye ya gagara, Inna ta tattaro kayanta da jikarta suka dawo wurinmu a Nasarawa Burkullu, inda nake koyarwa. Aka sa yarinyar a makarantarmu. Na roƙi kada a ba ni ajinta, kuma ba wanda ya tambaye ni dalili, kowa ya sani.

A ɗan zaman da na yi a aikin nan na ga aƙidoji sun zo sun wuce. Da aka koyar da mu, cewa aka yi malami ya faɗa yara su amsa da ƙarfi har sai sun haddace. Muna cikin haka aka kira mu bita aka ce wannan zalunci ne, yaro ne jigon aji, a juya bencina a yi da'ira, malami ya zama abokin hira. Muka dawo muka juya bencinan da muke da su, sauran yara suka yi da'irarsu a ƙasa. Ba mu gama gane wannan ba aka sake kiranmu, aka ce a koyar da karatu da Hausa, da sautin harufa, daga aji ɗaya zuwa uku, Turanci ya jira aji huɗu. Kowace bita da rigarta mai tambari da jakarta, har Inna ta ce in ana ci gaba da canza ra'ayi a birni ba zan ƙara sayen jakar cefane ba. Ban raina ko ɗaya ba, kowace da 'yar gaskiyarta. Abin da ke ba ni haushi shi ne kowace in ta zo sai ta ce wadda ta gabata ɓata ce tsantsa, mu kuma da muka yi aiki da ita jahilai ne.

To wannan ta sautin harufa ita ta kama 'yar Inna. Aji ɗaya da aji biyu ta yi su tana kallon allo kamar mai kallon ruwan sama. A tsakiyar aji uku, wata rana ina tankaɗe a bakin madafa, na ji ta a bayan rumbu tana haɗa sauti ita kaɗai, tana karanta rubutun da ke jikin buhun taki. Tana ja, tana tsayawa, tana komawa farko. Na ajiye rariyar na kasa kunne, hawaye yana zuba cikin garin tuwo, ban ce mata komai ba. Daga ranar na san abin da take bukata. Shekara ɗaya kawai, a aji uku, wurin malamar da ta saba da ita, da Hausa. In aka tura ta aji huɗu, inda ake buɗe littafin Turanci a ɗauka kowa ya riga ya iya karatu, zaren da ta kamo da ƙyar zai kuɓuce mata, kuma ban ga ranar da za ta sake kamo shi ba.

Na je wa hedimasta da maganar ta bayan gida. Na ce akwai yaran da ya kamata a duba. Mutum ne mai kirki, ya gane inda na dosa, shi ma bai ambaci kowa ba. Ya ce shi ɗan aike ne, in ya bar yaro ɗaya a baya masu duba makarantu za su ce ya saɓa wa tsari, ga shi saura kaɗan ya yi ritaya. Baban yarinyar kuwa direba ne, yau yana Gusau gobe yana Sakkwato, kuma kunyar da ta ɗaure ni ita ta ɗaure shi. Sai Inna ta yafa mayafinta ta tafi makarantar da kanta. An ce ta zauna a ofishin ta ce ba ta tashi.

"In tuwo bai nuna ba, kwashe shi akai don an kira salla?" in ji ta. "Ɗiyar ga ba ta nuna ba. Ku bar min ita bisa wuta."

Hedimasta ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ba ta goro, ya raka ta bakin hanya, bai canza komai ba. Amma washegari ya kira ni ya ce za a yi taro a Gummi, masu binciken da suka kawo wannan tsari za su zo jin ra'ayin malamai daga Anka da Gummi da Bukkuyum, kuma ni zai tura. Ya ce in ina da magana, can ne wurinta.

Kafin ranar ta zo na rame. Ina aji ina tsara abin da zan faɗa, ina wanki ina rushe shi. In na ce yara ba su da ƙoƙari, na zagi 'yata. In na ce tsarin banza ne, na yi ƙarya, don na san ba banza ba ne. Na ga 'yan matan da aka ce su maimaita aji, ƙannensu suka tarar da su, kunya ta hana su dawowa, iyaye kuma dama ƙiris suke jira. Wannan duk na sani. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A kan kabu-kabun da ya fitar da ni zuwa bakin titi ma ban daina magana ni kaɗai ba, har mai babur ɗin ya waigo ya tambaye ni ko da shi nake.

Gummi garinmu ne, wannan kuma ya ƙara mini nauyi. Ina shiga zauren taron na fara ganin idon sani. Ga malamar da ta koyar da ni a firamare, ta tsufa amma tana nan da bakinta. Ga wani ƙanen mahaifina da ke aiki a ofishin ilimi. Ga waɗanda muka yi kwaleji tare. Duk sun san ni, sun san wa na haifa.

Wadda ta jagoranci taron wata dakta ce daga jami'a, Bahaushiya, mai fara'a da saurin magana. Ta yi bayani mai kyau, ban rage mata ba. Ta ce bincike a ƙasashe da yawa ya nuna maimaita aji ba ya ƙara wa yaro komai sai karyewar zuciya, kuma 'ya'yan talakawa da 'ya'ya mata ne suka fi shan wahalarsa. Ta ce makarantar da ke tace yara tana zubar da wasu, makarantar masu hali ce, ba ta al'umma ba. Tana faɗa ina gyaɗa kai. Da ta gama sai wani tsohon mai duba makarantu ya miƙe, irin waɗanda har yanzu suke sa alƙalami uku a aljihun gaba. Ya ce duk wannan shigo-shigo ne na Turawa, a zamaninsu wanda bai ci jarrabawa ba sai ya zauna, in ya sake faɗuwa ya kama hanyar gona, shi ya sa ilimin da ya fi na yanzu albarka. Nan zaure ya rabu biyu. Na lura ba wanda yake sauraron ɗan'uwansa, kowa jira yake a yi shiru ya faɗi abin da ya zo da shi daga gida.

Sai daktar ta ce a tashi tsaye. Wanda ya yarda da sabon tsari ya koma bangon dama, wanda bai yarda ba ya koma na hagu. Aka yi ta jan kujeru ana raha. Ni na tashi na nufi dama, na tuna buhun taki, na juyo. Na nufi hagu, na ga tsohon nan yana yi mini murmushi, na tsaya. Aka bar ni ni kaɗai a tsakiyar zaure, riƙe da jakar bita, mutane suna dariya. Daktar ta ce to ga wadda ba ta da aƙida, a ba ta dama ta yi magana.

Na ce akwai wata yarinya a makarantarmu. Na ba da labarin dalma, da jinkirin, da yadda ta fara haɗa harufa a bana. Na ce ba korar ta nake so a yi ba, ba kuma tura ta gaba ba, a bar ta shekara ɗaya inda take. Ban rufe baki ba tsohon ya ce ai ga shi, malama ta goyi bayansa, daƙiƙin yaro ba a jan sa da igiya. Na ji kalmar har cikin haƙorana. Daktar kuma ta yi murmushin haƙuri ta ce duk inda suka je akwai malamin da ke da wata yarinya, kuma ba a gina manufar ilimi a kan labari ɗaya. Na tambaye ta ko bincikensu ya shiga ƙauyukan Anka inda aka yi dalma. Ta ce hanya ba ta ba su dama ba, amma abin da aka gano a wasu wurare ya shafi ko'ina.

Daga nan ta juyo da tambayoyi kaina, a natse, kamar likita. Wa yake kawo yarinyar makaranta? Na ce kakarta. Wa ya zo ya nemi a bar ta ta maimaita? Na ce kakarta. Uwar tana raye? Na ce tana raye. Ta taɓa zuwa ta yi magana a kan 'yarta? Na ce ba ta taɓa ba. Tana zama da ita ta duba mata littafi a gida? Na ce a'a.

Daktar ta juya ga jama'a, fuskarta ta yi haske irin na wanda lissafinsa ya fita daidai. Ta ce to kun gani, wannan shi ne ainihin abin da nazarinsu yake faɗa. Matsalar ba ta aji ba ce, ta gida ce. Uwar da ba ta damu da karatun 'yarta ba, wadda ko ƙofar makaranta ba ta sani ba, ranar da aka ce yarinyar ta maimaita ranar za ta ɗora mata tallan gyaɗa. Ta ce irin waɗannan iyaye mata su ne aka yi tsarin nan don a kare yara daga sakacinsu.

Ba da mugunta ta faɗa ba, na sani. Ta ga shirun uwar ne, ta duba cikin abin da ta karanta, ta samu sunan da ake ba shiru a can, ta liƙa mini. Na dubi tsohuwar malamata, ta sunkuyar da kai. Ƙanen mahaifina yana kallon silin. Duk sun sani, kuma ba wanda zai faɗa, don su ma sun san ba a faɗa.

"Dakta," na ce, "ɗiyata ta. Ni na haihe ta. Ita at ta hwari."

Sannan na faɗi sunanta, cikakke, da na babanta. Tunda aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakina ba, har na ji shi baƙo a harshena. Tsohuwar malamata ta kai gefen mayafi ta rufe bakinta. Wani daga baya ya yi salati a hankali. Daktar ta tsaya tana kallona, na ga sanda abin ya faɗo mata, don ita ma a gidan Hausawa ta tashi, ta san kunyar ɗan fari sarai, kawai ba ta taho da ita zauren ba.

Lokacin cin abinci ta zo ta zauna kusa da ni, ta ba ni haƙuri. Ta ce za ta ambaci yaran dalma in sun koma, amma ba za ta yaudare ni ba, an riga an amince da tsarin, ba a hannunta yake ba. Na tambaye ta to me aka tara mu mu yi. Ta sunkuya tana juya cokali a cikin shinkafa. Tsohon mai duba makarantu kuwa ya bi ta gefena ya wuce bai dube ni ba. Ban kwana a gidanmu ba ranar, ko da yake na yi niyya, don ban san da wane ido zan dubi mahaifiyata ba.

A hanyar dawowa na yi ta tunani, mota tana jijjiga ni. Na je Gummi ina jin haushin masu aƙida, waɗanda suka riga suka san amsa kafin su ga yaro. Sai ga shi ni ma da tawa na je. Kunyar nan da na riƙe, ai ita ma ra'ayi ce a kan yadda ake renon yaro, cewa ɗa na kowa ne, kada uwa ta shagwaɓa shi, kada ta yi taƙama da kyautar Allah. Ra'ayi ne mai kyau, ya raini mutane masu kirki, ni ma shi ya raine ni. Amma waɗanda suka shimfiɗa shi ba su san dalma ba, kamar yadda su dakta ba su san ta ba.

Labari ya riga ni isa gida, ban san ta yaya ba, waya dai ba ta da kunya. Na tarar da Inna a kan tabarma tana tsinkar zogale. Ba ta amsa sallamata da kyau ba. Can ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "An ce kin kiri sunanta gaban maza." Na ce haka ne. Ta tambaya ko sun bar ta aji ukun. Na ce ba su bari ba. Ta ja tsaki ta ce ashe na zubar da kunyata a banza, ko ladan ganin ido ban samo ba.

Haka aka yi. Da aka koma hutu aka kira sunanta a cikin 'yan aji huɗu, ta bi layi ta shiga tana murna, don an ba su sabon littafi mai hotuna. Na leƙa ta taga sau da yawa a makon farko. Malamin yana karanta Turanci suna amsawa, ita ma bakinta yana motsi, idonta yana wani wuri. Da yamma ta daina zuwa bayan rumbu. Na kasa zaune na kasa tsaye, in fita tsakar gida in koma ɗaki, in ɗauki abu in rasa me zan yi da shi.

Wata ranar Alhamis bayan la'asar na ɗauko littafin Hausa na aji uku da na aro a wurin malamarta ta da. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, a fili, inda Inna take zaune da maƙwabciyarmu suna hira. Yarinyar tana bakin randa tana wanke kwanoni, ta ba ni baya. Na zauna, na buɗe littafin a cinyata, na kira sunanta.

Ba ta amsa ba. Ta tsaya da kwano a hannu, ta waiga ta dubi ƙofar gida ko wani ne ya shigo, sannan ta dubi Inna. Ta san sunan, ta san muryar, amma ba ta taɓa jin su tare ba. Inna ta ci gaba da abin da take yi kamar ba ta ji ba, har na fara tunanin rufe littafin. Sai ta ce, a hankali, tana kallon ƙasa:

"Ke aka kira. Aje kwanon ga ki tahi, uwakki na son ki."

A wurinmu in an ce wane yana son ka, kira ne kawai, ba wani abu ba. Yarinyar ta goge hannu a zanenta, ta zo ta durƙusa nesa kaɗan kamar yadda take yi wa baƙi. Na ce ta matso. Ta matso har gwiwarta ta taɓa tawa, da sanyin ruwan wanke-wanke a jikinta. Na ɗora yatsana a kan harafin farko, ta ɗora nata kusa da nawa, muka koma farkon shafi.